Injin Ban-ruwa da Rubutun Manhaja

A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda ta'addancin 'yan bindiga, kuma gabashin jihar, inda garinmu Rabah yake, yana cikin yankunan da matakin ya shafa. Tun daga lokacin nake yi wa kowane ɗalibina da ya kawo manhajar da ke hidima ta intanet tambaya guda: ranar da kamfanin da ka dogara da shi ya yi shiru, me zai sami aikinka?

Mafi yawansu sukan saka sunan kamfanin aika saƙo, ko na karɓar kuɗi, a tsakiyar lissafin manhajar, wuri goma ko fiye. Idan kamfanin ya ƙara farashi ko layinsa ya yanke, sai an warware aikin gaba ɗaya. A shekarar 2004 Martin Fowler ya raɗa wa maganin wannan cuta suna a wata maƙala tasa. Ni kuwa a aji ina kiransa miƙa madogara daga waje.

Manomin albasa da tafarnuwa na Wurno ya riga mu gane wannan. Injin ban-ruwansa bai san daga ina ruwa yake zuwa ba. Yau a jefa tiyo a kogin Rima, gobe a rijiyar fadama, ko a magudanar da ruwan madatsar Goronyo yake bi. Abin da injin yake nema kawai shi ne bakin tiyon ya dace da nasa. Da an narke tiyon a jikinsa, da ranar da kogi ya janye gonar ta bushe.

Haka ake tsara manhaja, a mataki uku. Na farko, a rubuta sharaɗi: duk mai aika saƙo zai karɓi lambar waya da rubutu, ya dawo da amsar ko saƙon ya tafi. Wannan shi ne bakin tiyo. Na biyu, sashen da ke buƙatar aika saƙo kada ya ƙirƙiro mai aikawa da kansa. Ya tsaya a miƙo masa. Na uku, a keɓe wuri guda, inda manhajar take tashi, a bayyana wanda zai cika kowane sharaɗi da tsawon zamansa. Tsare-tsare irin su Spring da ASP.NET Core sun tanadi wannan: wani abu guda ɗaya ake yi wa manhajar duka, wani kuma, kamar hulɗa da rumbun bayanai, kowace buƙata da nata, don kada lissafin wani ya cuɗe da na wani.

A ɗauki manhajar da ƙungiyar manoma za ta riƙa sanar da mambobinta ranar rabon taki. Idan layi ya ɗauke, wuri guda za a taɓa, a sa mai ajiye saƙonni har sadarwa ta dawo. Ɗalibi kuma yana iya gwada aikinsa da mai aikawa na gwaji, ba tare da ya ƙona kati ba.

Wasu abokan aikina suna ganin wannan wahala ce ga ƙaramin aiki, kuma suna da hujja: manhaja mai shafi biyu ba ta buƙatar duk wannan shiri. Amma wadda albashin ma'aikaci ko bashin manomi zai bi ta cikinta, a yankin da wuta da layi ba su da tabbas, dole a gina ta da sanin cewa abin dogaro yana sauyawa. Shi ya sa nake roƙon malaman kimiyyar kwamfuta su fara koyar da wannan tun shekara ta biyu, kafin hannun ɗalibi ya saba da ɗaure komai wuri guda.