Allin Malam da Birkin Gaba

A garin Wamakko, a zauren wani tsohon malamin firamare, akwai babur ƙirar Honda CD175 wanda ya girmi yawancin masu zama a zauren. Malamin ya saye shi ne a 1975, shekarar da aka biya ma'aikata ariyas na Udoji, wadda kuma a cikinta aka kafa Jami'ar Sakkwato. Abokan aikinsa da yawa sun sayi babura da kuɗin nan, amma nasu tuni suka koma hannun 'yan gwangwan. Da idonsa ya yi rauni sai ya daina hawa, aka jingine babur shekara da shekaru, har jikansa ya sami shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka ga kuɗin kabu-kabu zuwa Dundaye kullum ba abin da zai ɗore ba ne. Aka fito da shi, aka sa batir da tayoyi, aka wanke kafireto. Da injin ya tashi kowa ya yi murna, ba wanda ya tuna da birki.

Wata safiya, wajen Kalambaina inda manyan motoci ba sa yankewa, tirela ta tsaya a gaban saurayin. Ya taka birkin baya, ƙafar ta ja a kan kwalta, babur bai tsaya ba. Ya damƙi na gaba, hannun birkin ya tafi lugub har ya haɗu da mariƙi. Da kyar ya kauce ya zube cikin rairayin gefen titi. Allah ya taƙaita, ya tashi da ƙujewa a kafaɗa. Da dare mahaifinsa ya ce a sayar da wannan gyauron a cika a sayi Bajaj. Tsoho bai yi musu ba, sai ya ce a turo masa babur. Ya lalubi hannun birkin ya matsa sau uku, sa'an nan ya ce ba haka ya bar shi ba.

Mahaya da yawa a ƙasar nan suna tsoron birkin gaba, suna cewa kayar da mutum yake yi, har wasu kan sassauta shi da gangan. Tsoron yana da tushe, domin a kan rairayi ko cikin kwana, in aka damƙe shi farat ɗaya ƙafar gaba takan zame. Amma a kan kwalta lamarin dabam ne. Duk lokacin da babur ya rage gudu, nauyinsa da na mahayinsa yakan rinjaya gaba, ƙafar baya ta yi sako-sako, saboda haka yawancin ƙarfin tsayawa a gaba yake. Wanda ya dogara ga na baya kaɗai ya ajiye fiye da rabin birkinsa a gida.

Bakaniken unguwa ya fara da abin da aka saba, wato ya ɗaure notin da ke ƙarshen wayar birki. Hannun ya yi tauri, amma kafin a zaga gari gangar birkin ta yi zafi, ƙafar kuwa ba ta juyawa sai da gardama. Ya ce, "Malam, ai tsuhwa na, babur ya gaji." Malam ya ce, "Yaro, ni ma na tsuhwa, amma hannuna bai mance ba. Kwance ƙafar."

Birkin irin waɗannan babura ba mai mai ba ne. Waya ce ke jan wani ɗan hannu a jikin ƙafa, shi kuma ya juya wani guntun ƙarfe mai faɗi a ciki, wanda ke buɗe takalman birki biyu su dafe cikin ganga. Kowace gaɓa ta yi wasa kaɗan, a yatsun mahayi za a ji. Da aka buɗe, ba a sami babban laifi guda ba, sai ƙananan laifuffuka da suka taru. Wayar ta yi tsatsa cikin rigarta, wasu silinta sun tsinke, ƙarfin hannu yana ƙarewa a hanya. Giris ɗin guntun ƙarfen ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare kamar ƙaro. Fuskar takalman ta yi sulɓi tana ƙyalli, kuma shafin ɗaya ya soma ɓamɓarewa daga ƙarfensa, abin da ya fi kome haɗari, don in ya fita ana tafiya yana iya cije ƙafar gaba ɗaya. Yaron shago ya sunkuya zai hure ƙurar gangar da baki, jikan ya hana shi, domin tsofaffin takalman birki da asbestos ake yin su, ƙurarsa kuwa cuta ce ga huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma aka share.

Aka sa sabuwar waya da sababbin takalma, aka shafa giris ɗan kaɗan yadda ba zai kai ga shafin ba. Kowa ya ɗauka an gama. Malam ya matsa, ya girgiza kai. Har yanzu da laushi. A nan ne ya aika gida aka ɗauko masa alli. Ya sa aka zane fuskar takalman da shi, aka mayar da ƙafa, aka juya ta ana ɗan kama birki, sa'an nan aka sake buɗewa. Allin ya goge a ɗan gefe kawai, sauran yana nan fari fat. Ashe ganga ta ci ta faɗaɗa da shekaru, lanƙwasar sabon takalmi ba ta dace da tata ba. Bakanike ya yi ta goge wuraren da suka taɓa da samfefa, a zana, a gwada, har sau biyar, jikan yana karanta wa kakansa abin da allin ya nuna yana tsokanarsa da cewa yau tsoho ya koma aji. Daga ƙarshe aka sassauta notin sandar ƙafa, aka riƙe birki tam aka ɗaure, don takalman su zauna a tsakiya, aka bar wa hannun wasa na milimita 10 zuwa 20 kafin ya kama.

Ana kiran la'asar Malam ya matsa sau uku kamar farko, bai ce kome ba, sai ya miƙa wa bakanike sauran allin. Mahaifin yaron bai janye maganar sayarwa ba, amma ya yarda a jinkirta zuwa ƙarshen zango. Sharaɗin tsoho ɗaya ne: mako guda, kowace safiya kafin motoci su yi yawa, jikan zai hau miƙaƙƙiyar kwalta ya riƙa tsayawa da birki biyu, yana matsa na gaba sannu a hankali kafin ya ƙara ƙarfi. Shi kuwa yakan zauna a gindin dogonyaro a bakin titi, yana sauraren ƙarar taya.