Neman Labarin Damina a Taskokin Bincike

Dattawan Malanville suna da tambayar da ta ƙi tsufa: me ya sa kogin Kwara yake ƙara cinye gonakin shinkafa, alhali damina ba ta kai ta zamanin kakanni ba? Da yake ni ke riƙe wa dattijonmu alƙalami, ni aka ɗora wa nemo amsa.

Taskokin bincike na intanet ba su buɗuwa ga mai gaggawa. Wanda ya rubuta sunan garinmu kaɗai a Google Scholar ko HAL, labarin kasuwa da iyaka zai fi tararwa. Sai ya haɗa da sunan rafin Sota ko Alibori, da kalmar ambaliya da Faransanci, sannan ya iyakance shekaru. Ta haka na isa ga rubuce-rubucen cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, da na shirin AMMA da ya auna damina a yankin Djougou a 2006.

A zaure an koya mana duba isnadi kafin karɓar riwaya. Haka nake yi wa kowace maƙala: wa ya rubuta, a ina ya auna, wace mujalla ta tantance?

Abin da suka hadu a kai shi ne, fari da saran itatuwa sun bar ƙasar Sahel a ƙeƙashe, ba ta shan ruwa, sai ta tura wa kogi. Wannan bayani yana kwance cikin Faransanci da Turanci, manomin da ruwa ke ci kuwa Dandanci da Hausa yake ji. 'Ya'yanmu na jami'ar Parakou, wannan bashi yana wuyanku.