Gonata a Cikin Buhu

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Mile 12 a Legas don sayen dankalin Turawa ya san cewa ba kuɗin dankali kaɗai yake biya ba, har da kuɗin motar da ta ɗauko shi daga Jos. A Bokkos da Mangu da Barkin Ladi ake noma shi, inda dare ke da sanyi, domin idan ƙasa ta yi zafi ba ya yin 'ya'ya sosai. Mu da muke zaune a Kudu, cikin gumi dare da rana, sai dai mu saya. Ni kuwa ɗalibi ne, abin da ake aiko mini daga gida ba ya ganin ƙarshen wata. Wannan ne ya sa na koma ga ɗan'uwansa, wato dankalin Hausa, wanda zafi da damshi ba sa damunsa.

A matsayinmu na ɗaliban harshe, sunayen nan abin dubawa ne. Mun kira ɗaya na Turawa, ɗaya na Hausa, alhali kuwa dukkansu daga nahiyar Amurka suka fito. Na Turawan asalinsa duwatsun ƙasar Peru ne, bai ma isa Turai ba sai ƙarni na 16. Kawai dai na Hausan ya riga shi zuwa, ya zauna har ya zama ɗan gari, ya samu wasu sunaye kamar kudaku da lawur.

Ba ni da fili. Abin da nake da shi shi ne buhunan shinkafa guda shida a jikin katanga, bayan ɗakin da muke haya. Nakan huda gindin kowane buhu don ruwa ya riƙa fita, in cika shi da ƙasa mai yashi, in gauraya da tsohon kashin kaji kaɗan. Na ce kaɗan, domin idan taki ya yi yawa sai ka ga ganye ya yi shar har maƙwabta na yaba maka, ranar tono kuma ka tarar da saiwa zalla. Shi dankalin Hausa ba 'ya'yansa ake binnewa ba. Yaɗonsa ake yankowa, kamar kamu ɗaya, a binne gaɓa biyu ko uku, a bar kan a waje. Makon farko zai yi laushi kamar ya mutu, kada ka cire shi.

Abin da ya fi buƙatar ido shi ne tsagewar ƙasa. Da 'ya'yan sun fara girma sai ƙasar ta tsage, ta nan ƙwaro ke shiga ya huda dankalin, ya sa masa ɗaci. Saboda haka kowace safiya kafin in tafi lacca nakan duba buhunan, inda na ga tsaga in rufe da ƙasa. Bayan wata uku zuwa huɗu sai a kifar da buhu a tsince.

Ba zan ce buhu shida na ciyar da mutum ba. Amma a makon ƙarshe na wata, lokacin da aljihu ya bushe, dafaffen dankali da mai da yaji ya sha raba ni da kwanan yunwa, kuma ganyensa ma yana shiga miya.

A gefen buhunan na watsa irin lalo da alayyafo a cikin tsofaffin bokitai. Matar mai gidanmu, Bayarabiya, ta tsaya tana kallon lalon ta ce ai wannan ewedu ne. Tun daga ranar take tsinka, ni kuma ta ba ni izinin ƙara buhu huɗu a wajen rijiya, inda rana ta fi bugawa.