Jakar Injiniya

Akwai wasu matasa a Funtua da ba sa yarda jakarsu ta shiga but ɗin mota. Kwandasta ya yi ta fama, "Malam, kawo jakar nan a sa a baya mana," su girgiza kai, su zauna a takure da ita a cinya tun daga tasha har Bakori ko Malumfashi. In a babur ne, a ƙirji suke rataya ta. Su ne waɗanda kowa ke kira Injiniya, ko sun yi karatun ko a shagon wani suka koya: masu haɗa sola, masu gyaran kwamfuta da firinta, masu duba sikelin zamani da na'urar POS. Aikinsu ba ya zuwa ya same su a shago. Inbata da aka kafa a bango, da batura masu nauyin buhu, da famfon da ke ƙasan rijiyar burtsatse ba su ɗaukuwa, dole mai gyara ya je inda suke.

Funtua ta daɗe da sanin inji. Tun da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa garin ya wuce Gusau da Ƙauran Namoda don kwasar auduga da gyaɗa, akwai makanikai a gidajen gurzar auduga, daga baya masaƙa ta zo da nata. Amma waɗancan a wuri ɗaya suke aiki, kayan aikinsu na rataye a bango, sito na kusa. Na yanzu kira yake zuwa musu daga ko'ina: dillalin masara a Dandume sikelinsa ya fara ƙarya, mai noman rani a Danja famfon solarsa ya tsaya tumatir na neman ruwa, firjin allurar rigakafi a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kafur ya daina sanyi, cibiyar jarrabawar JAMB tana so a duba mata kwamfutoci kafin ranar, tunda tun 2015 da kwamfuta ake zana jarrabawar. Kayan gyara kuwa mafi yawansu daga Kano suke zuwa, Farm Centre ko titin Beirut ko Sabon Gari, wasu daga Kaduna ko Zariya. Wanda ya isa ƙauye ya tarar ya manta ɗan abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba, to ranar ta tafi, ga kuɗin mai ya ƙone, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan asara ba ta wasa ba ce.

Shi ya sa a waya ake fara haɗa jakar, tun daren jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

"Injiniya, abin nan fa ya ƙi."

"Ranka ya daɗe, ya ƙi yaya? Ba ya kawo wuta ne sam, ko yana kawowa ya ɗauke?"

"Yana dai ta kuka."

"Kukan sau ɗaya ne ko a jejjere? Akwai jar wuta a jikinsa? Alhaji, don Allah a ba yaro wayar ya ɗauko min hoton takardar da ke manne a bayansa."

Wannan hoto da ake turowa ta WhatsApp, a karkace, da yatsan yaro a gefe, shi ke yanke abin da zai shiga jaka da abin da za a bari. A kan takardar ne ake ganin ko inbatar mai bolt 12 ce ko 24, ko cajar laftof ɗin mai siririn baki ce ko mai kauri. Ƙwararre ana gane shi tun a nan, daga yawan tambayarsa. Sabon shiga shi ne zai ce "gani nan zuwa" ya kashe waya.

Abin da ba ya taɓa fita daga jakar shi ne mita, ko da aikin na kwamfuta ne. Yawanci 'yar rawaya ce ko ja, ta sha jiki, an ɗaure mata baya da salatef, da wayoyinta biyu ja da baƙa da aka naɗe a jikinta. Dalilin darajarta shi ne, a wannan yanki, abin da ake cewa ya lalace sau da yawa lafiyarsa ƙalau, wutar da ake ba shi ce ba ta da kyau. Injiniya zai tsuguna gaban soket kafin ya taɓa na'urar da aka kira shi dominta. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ya kamata ta zama. In mita ta nuna ta faɗi ƙasa sosai, ko janareta na hawa da sauka, an sami bakin zaren. Haka a gaban batir: mai bolt 12 in ya cika ya huta yakan nuna 12.6 ko sama kaɗan, in kuma aka ɗora masa kaya lambar ta rufto nan take, to batirin ya gama yayi, duk kukan da inbata ke yi gaskiya take faɗa. A nan ne gardama kan tashi, don babu mai son jin cewa batirin da ya saya da tsada shi ne mai laifi. Injiniya ba ya dogon musu. Juya fuskar mitar yake yi ya ce, "Alhaji, duba da kanka." Har mitar ma tana da nata lagon: masu arha in batirinsu na ciki ya yi sanyi sukan nuna lambar da ta wuce gaskiya, don haka mai hankali yana da batir mai bolt 9 sabo a aljihun jaka.

Bayan mita sai wuta. Abin dariya ne mai gyaran lantarki ya tafi aiki da guzurin wutarsa, amma haka abin yake. Da fawa banki, da tocilar goshi don ɗakin batir galibi lungu ne marar taga, da doguwar waya mai soket uku ko huɗu. Abin narka dalma wanda ke jiran wutar bango ba shi da amfani a gidan da aka kira ka saboda babu wuta, shi ya sa wasu suka koma mai aiki da gas ko wanda ake maƙala wa batir.

Sauran kayan jakar kuwa lokacin shekara ne ke tsara su, kuma wannan ne ya fi ɗaukar hankalina. Da kaka, sa'ad da ake casar masara da dawa da waken soya, ƙaiƙayi na shiga duk inda iska ke shiga. Wajen masu auduga ɓurɓushinta ne ke taruwa a fankar kwamfuta har ya zama dam, fanka ta kasa juyawa, na'ura ta yi zafi ta kashe kanta. Hunturu na shigowa ƙura ta karɓi aiki: ta lulluɓe farantan sola, mai gida ya yi ta mamakin yadda rana ke nan amma batir ba ya cika. A waɗannan watanni buroshin fenti, da tsohon buroshin haƙori, da bulowa, da tsumma mai laushi, da 'yar kwalbar sifirit sun fi kowane kaya mai tsada aiki. Akwai gyaran da daga farko har ƙarshe shara ce kawai. Mai gaskiya zai faɗa, ya karɓi kuɗin zuwansa, ya nuna wa yaran gida yadda za su riƙa goge farantan da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Marar gaskiya zai daɗe a ɗakin yana kwance noti yana ɗaurawa don kuɗin ya yi kauri.

Da damina jakar kan sauya. Leda babba ta shiga, wadda za a zura jakar gaba ɗaya in hadari ya taso a hanyar Maska ko Ƙanƙara. Fiyus ya ƙaru, domin bayan duk daren da aka yi tsawa wayar Injiniya ba ta hutawa. Sai kuma baƙin da ba su da lokaci. A sitocin hatsi ɓera ne sarki: wayar da ta taso daga ƙasan sikeli zuwa allon lamba ita yake fara ci, kuma cin da yake mata ba ya yanke ta gaba ɗaya, sai ya bar ta tana taɓawa tana saki, buhu ɗaya ya hau sau biyu ya ba da nauyi biyu. A kasuwar da ake cinikin tirela, wannan na iya raba abokan ciniki na shekaru. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a ramukan iskar inbata. Ƙadangare kan shiga neman ɗumi ya haɗa wuta da jikinsa. Duk mai wannan sana'a yana da labarin abin da ya taɓa zarowa daga cikin akwatin ƙarfe, kuma ba a cika son jin labarin ana cin abinci ba.

A can ƙasan jakar akwai gwangwani, na madara ko na alewa, wani lokaci robar magani. In aka zazzage shi a kan tabarma za a ga noti da kusoshi iri-iri da aka tsinto daga na'urorin da suka mutu, da fiyus na gilashi da na roba, da kawunan wayar intanet, da mahaɗin wayar sola mace da namiji, da 'yan igiyoyin roba na ɗaure waya, da allurar ciro sim, da kan caja kala uku don POS. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 wannan 'yar na'ura ta zama rumbun mutane da yawa a ƙauyuka, kuma abin da ya fi kwantar da ita bakin caji ne da ya sassauta. A cikin gwangwanin akwai kuma ɗan batir zagayayye mai lamba CR2032, bolt 3 kacal. Tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su na hannu, waɗanda suka cika makarantu da shagunan buga takardu, shi ne ke riƙe musu kwanan wata. Ranar da ya mutu kwamfuta za ta farka tana zaton shekarun baya ake ciki, shafukan intanet su ƙi buɗewa, shugaban makaranta ya tabbata cewa an yi musu kutse. Ana canza shi cikin minti biyu, in dai yana cikin gwangwani.

Sai filas ta kwamfuta, kuma a nan mutanen Funtua da Malumfashi suna da darasin da na wasu garuruwa ba su da shi. A watan Satumban 2021 gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi fiye da goma na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtua, Malumfashi, Bakori, Dandume, Faskari da Sabuwa, aka yi watanni a haka. Mai gyaran da ya saba in ya maƙale ya buɗe YouTube ko ya sauko da manhajar firinta nan take, ya ga iyakarsa. Waɗanda suka ratsa wannan lokaci har yau ba su yarda da sabis ba. Komai na cikin filas: Windows, manhajojin firintocin da suka fi yawa, littattafan inbata, maganin bairos. Nagari yana riƙe biyu, ɗaya mai tsabta wadda ba ya sokawa ko'ina sai da dalili, ɗaya ta kwashe kayan mai aiki kafin a wanke kwamfuta. Wannan ta biyun ita ce nake jin tsoro, domin a cikinta sakamakon jarrabawar ɗalibai, da lissafin bashin ɗan kasuwa, da hotunan iyalin mutane kan kwana a aljihun wani.

Jakar nan zabirar wanzami ce ta wannan zamani. Wanzami da askarsa da ƙahonsa da dutsen washinsa yana shiga gidan da ba kowane namiji ke shiga ba, ya ga abin da ya gani ya riƙe bakinsa. Injiniya ma ana yi masa iso har tsakar gida, a ce wa matan gida su shiga ɗaki mai sola zai hau rufi, Hajiya ta miƙo wayarta ta bayan labule ta ce, "Ɗan nan, duba min wannan ma." Wanda aka taɓa jin zancen gidan wani a bakinsa, ko hannunsa na zinariya ne, kiransa ya ƙare a unguwar.

Akwai abubuwa biyu da hanya ta ƙara wa jakar. Na farko katin shaida da rasit, domin jaka cike da wayoyi da batura da mita ba ta da daɗin bayani a shingen jami'an tsaro, musamman ta wajen Faskari da Sabuwa. Na biyu agogo, ko da na waya ne. Akwai garuruwan da ake lissafin aikinsu da la'asar: duk abin da bai gamu ba kafin nan, a rufe shi a kama hanya. Wannan ma na cikin abin da ke sa a cika jaka, don babu mai son aikin da zai sa ya bi wasu hanyoyin sau biyu.

Abin da na fi ganin babu a jakunkunan shi ne abin kare kai. Safar hannu ba ta cika shiga ba, balle tabarau. Za ka ga yaro da silifas a kan rufin kwano da tsakar rana, yana riƙe da wayar farantan da aka jera suka haɗa wutar da za ta iya kashe mutum, maigidansa na ƙasa yana cewa "yi sauri." Tsani kuwa kullum na aro ne, a maƙota, wani an ɗaure matakinsa da igiya. Ba talauci ne kaɗai ya kawo wannan ba, tunda kuɗin safar bai kai na katin waya ba. Ganin ana yi ana tsira ne.

Wani hali kuma da na ga wasu ƙalilan suna da shi: in sun gama aiki sukan manna farin salatef a cikin murfin na'urar su rubuta kwanan wata da abin da suka canza, sannan su liƙa fiyus ɗaya sabo a gefe, su kira yaron shago su nuna masa inda ake zare tsohon bayan an kashe komai. Abokan sana'arsu na ganin wauta ce, mutum ya koya wa mai kiransa yadda zai daina kiransa. Su kuma lissafinsu daban ne. Kuɗin man zuwa Dandume da dawowa ya fi abin da Alhaji zai yarda ya biya a kan canjin fiyus, kuma in ba a bar masa na canji ba, yaron shagon zai naɗa guntuwar waya a wurin, wadda ba za ta tsinke ba ranar da ya kamata ta tsinke, sai allon inbatar ya ƙone.