Da za a ba ni ƙuri'a kan tabar wiwi

Jiya bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta Samaru, wani abokin aikina ya ɗauko zancen Amurka. A wasu jihohinsu jama'a ne ke tara sa hannu, su tilasta a kaɗa ƙuri'a kan doka. Haka aka yi a Kalifoniya a 1996, ƙuri'ar talakawa ta halatta amfani da wiwi a matsayin magani. Sai ya ce min, "Malam, da a nan ne, ina za ka dangwala?" Na yi shiru. Wallahi har na kwanta tambayar ba ta sake ni ba, don mutum biyu nake gani a gabana.

Na farko ɗan yayata ne, yaro ɗan shekara 9 mai farfaɗiya. An canja masa magani ya fi a ƙirga, har yau yana faɗuwa. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, maganin da aka tace daga wiwi, wanda ba ya sa maye, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Da na ba Yaya labari, tambaya ɗaya ta yi: "To a ina ake samu?" Na rasa amsa.

Na biyu ƙanena ne. Tun yana sakandare ya fara zuƙa a wani lungu a Sabon Gari. Yau shekararsa 34, ba sana'a ba aure, sau biyu muna kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da Hukumar Ƙididdiga a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 10.6 na shan wiwi.

Mu a nan ba mu da irin waccan ƙuri'ar. Tsarin mulkin 1999 bai san raba gardama ba sai wajen ƙirƙiro jiha ko ƙaramar hukuma, ko yi wa ɗan majalisa kiranye. Don haka magana tana hannun 'yan majalisa. Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya fara kiran a halatta noman ta don magani tun 2019. Ƙudiri ya zo gaban Majalisar Wakilai a 2023, aka jingine shi, kuma shugaban NDLEA Buba Marwa ya sha gargaɗi kan halattawa. Alhali Lesotho ta buɗe ƙofa tun 2017, Maroko ta bi a 2021.

Abin da ke ba ni tsoro kodin ne. Shi ma ai magani ne, a doka sai da takardar likita. Amma kowa ya ga yadda kwalabensa suka cika kwatocinmu, sai da BBC ta fallasa a 2018 kafin gwamnati ta hana. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To ga amsata. Takardar ƙuri'a gida biyu gare ta, e ko a'a, kuma iyalina ba su shiga ko ɗaya. In na ce e, na buɗe wa irin su ƙanena hanya. In na ce a'a, na rufe wa ɗan Yaya ƙofa. Abin da nake so ɗan majalisarmu ya kai Abuja shi ne: kada a saki noma da sayarwa, amma a ba asibitocin koyarwa izinin ajiye tataccen maganin a kulle, kamar yadda ake yi da mofin, a kuma ba masana harhaɗa magunguna na ABU lasisin bincike. Malamanmu kuma su fayyace mana hukuncin lalura.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryar mana da zuri'a.