Na Duba Hanyar Gida Da Tambayoyin Baƙuwa

Wannan mako labarin tafiya na kawo muku, daga Kano zuwa Bungudu. Na san da yawanku kun bi hanyar nan har kun gaji da ita, amma ku saurara, domin wannan karo wata baƙuwa ce ta aike ni in gano mata.

Baƙuwar nan Basiniya ce, sa'ata, ta zo Kano ƙaro Hausa. Kada ku yi mamaki. Tun 1963 gidan rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa, kuma a Beijing akwai jami'ar koyon harsunan waje inda a ke karanta harshenmu. A gidan gwaggona muka saba. Na so in kawo ta gida da Babbar Salla, Baba ya ce a'a, hanyar Funtuwa zuwa Tsafe ba ta baƙo ba ce yanzu, balle mai jar fata wadda za a hango daga nesa. Ban ji daɗi ba, amma gaskiyarsa. Ita kuwa sai ta ce to, in tafi, abin da na gani in faɗa mata ta waya.

Da muka fara hango duwatsun Tsafe kowa a motar ya yi ajiyar zuciya. Ƙasar 'Yandoto ke nan, wadda tun kafin jihadi aka san ta da malamai. Direba ya tsaya, 'yan talla suka yanyame mu da gyaɗa da dafaffen ƙwai, shi kuma ya shiga gaisawa da wani dattijo. Nan na tuna abin da ya fara ɗaure wa ƙawata kai. A wurinsu, in ji ta, mutum ya tambaye ki ko kin ci abinci, shi ke nan an gaisa. Na sa yatsa na ƙirga na direbanmu: kwana, gajiya, iyali, yara, hanya, kasuwa, ruwa. Bakwai cif, bai ko sauko ba.

Tsawon gaisuwar ma bai dame ta kamar amsar ba. Ta taɓa ce mini, "Don me kullum lafiya lau? Ba wanda ya ke rashin lafiya a ƙasarku?" Ran nan dariya na yi. Amma a Tsafe wata tsohuwa ta shigo motar da ƙunshin kayanta, na gaishe ta, ta ce lafiya lau, sai godiya. Ba mu kai Kwatarkwashi ba ta gaya mini 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, wata uku ke nan tana raɓe gidan ɗan ƙanenta. To, ƙarya ta yi mini da fari? Ni ban ɗauke shi haka ba. Ta fara ba Allah nasa, sa'an nan ta ba ni nawa. Sai dai ina ganin baƙon da bai san haka ba zai tafi da lafiya lau ɗin, ya bar sauran. Mu ma kanmu, sau nawa mu ke tsayawa mu ji sauran?

Gusau ba zan tsayad da ku ba, kun san ta. Jirgin ƙasa ya iso ta, gyaɗa da auduga suka raya ta, a 1996 ta zama babban birnin Jihar Zamfara. Abin da na yi a tasha shi ne na sayi ruwan leda mai ƙanƙara, na sha, na tuna ƙawata. Ita ko da bazara ruwan zafi ta ke yawo da shi cikin fulas, haka a ke yi a ƙasarsu, sun ce ya fi wa ciki. Ranar da gwaggo ta tarbe ta da ruwan randa, ta sa hannu biyu ta karɓa, ta kurɓa don kara kawai. Wannan karɓa da hannu biyu, watau ladabinsu ke nan, ita ta saye gwaggo. Tuwo kuwa an sha fama, mai ci da tsinke biyu an ce ta yanko loma ta dangwalo miyar kuka.

Daga Gusau zuwa Bungudu tafiya kaɗan ce ta hanyar Sakkwato. Na iske gidan Kaka cike, na kira ƙawata na miƙa wayar. Ta ce, "Ina wuni, Kaka?" Tsohuwa ta riƙe baki. Da ta dawo hayyacinta ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Ku nawa ne ga uwakku?" Ta ce ita kaɗai. Kaka ta yi salati, ta fara yi mata ta'aziyya, tana tsammanin rasuwa sauran suka yi. Sai da na bayyana mata cewa daga 1980 zuwa 2015 hukumar Sin ta taƙaita wa yawancin iyalai haihuwa a kan ɗa ɗaya. Kaka ta yi shiru, can ta ce, "To, ran da uwar ta kwanta ciwo, wa ka kama mata?" Ƙawata ta ce wannan ita ce tambayar da ke hana ta barci a Kano.

Daga nan hira ta yi daɗi. Ta tambayi dalilin da Inna ba ta faɗin sunan yayanmu na fari, muka ce alkunya ce. Ta ce su ma ƙarami ba ya kiran babba da suna, har kakar wajen uwa da ta wajen uba kowacce da kalmarta. Kaka ta ce ashe mutanen kirki ne.

Ran da zan koma, Kaka ta jera ƙwan zabi goma cikin dusa, ta ɗaure da daddawa a tsumma, ta ce, "Kishiya, kai ma ɗiyar nan. Ki ce mata in hanya ta yi kyau ta taho, akwai ɗaki." Biyu sun fashe a ramukan 'Yankara. Takwas na kai mata.