Amon da ba ya tashin maƙwabta

'Yar na'ura ce da ba ta cika tafin hannu ba, Fender Mustang Micro. Ana soka ta a jikin jita, a sa abin sauraro a kunne, sai makaɗi ya ji rugugin manyan amfilifaya alhali yara na barci a ɗakin. Tun da kamfanin Line 6 ya fito da na'urarsa POD a 1998 irin waɗannan na'urori ke ta kwaikwayon muryar tsofaffin amfilifaya na Marshall da Vox da lissafin kwamfuta. Abin da ke sa ni tunani shi ne, kaushin sautin nan da ake bi asalinsa gazawa ce. Kwalaben lantarkin da ke cikin amfilifayar zamanin da ne ke kasa ɗaukar ƙara idan an ƙure su, sai murya ta dishe, kunnuwa kuwa suka kamu da son dishewar. Haka ɗan Adam yake, aibin jiya yakan zama abin marmarin yau. Mai zaɓen irin wannan na'ura yana kwaɗayin ƙarar da ta girgiza dandali, yana kuma jin nauyin maƙwabci. Wataƙila da shekaru ne mutum ke koyon riƙe abin da yake so ba tare da ya ɗora wa kowa ɗawainiyarsa ba.